Me uwa ta yi wa masu shirya katun ɗin da yaranmu ke kallo?

Malama ta Bolari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Duk mai yara a gida ya san katun ɗin nan na 'ya'yan sarakuna da ake tura musu a waya. Ku duba da kyau. Snow White uwarta ta rasu, matar ubanta ke neman ranta. Cinderella uwarta ta rasu, matar ubanta ta mai da ita baiwa. Ariel mai jelar kifi uba kawai muka gani. Belle ma uba kawai. Elsa da Anna kuwa ba a yi nisa da fara fim ɗin ba jirgin ruwa ya nutse da iyayensu. Ni malamar firamare ce, kuma wallahi 'yan matan ajina sun haddace labaran nan tsaf. Me ya sa ba a barin uwa da rai? Kuma in an kawo wadda za ta maye gurbinta, me ya sa dole sai ta zama muguwa?

Abban Sadik: Wa alaikumus salam Malama. Ni da nake sana'ar tura fina-finai a nan Jekadafari, waɗannan da kika lissafa su iyaye mata suka fi zuwa nema wa yara, musamman lokacin hutu. Na taɓa jin an ce shi Walt Disney, wanda ya kafa kamfanin da ke shirya su, mahaifiyarsa ce ta rasu ta hanya mai ban tausayi, shi ya sa duk fim ɗin da ya yi sai ya cire uwa.

Ɗalibin Kashere: Yaya Abban Sadik, rasuwar gaskiya ce. Mahaifiyarsa Flora ta rasu a watan Nuwamban 1938, iska mai guba daga na'urar ɗumama ɗaki ce ta kashe ta, a gidan da shi da ɗan uwansa Roy suka saya wa iyayensu. Amma Snow White ya fito tun 1937, tana raye. Kuma labaran sun girme shi nesa ba kusa ba. Cinderella da muka sani Charles Perrault ya rubuta ta a Faransa a 1697. Snow White kuma tana cikin tatsuniyoyin da wa da ƙani, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara a Jamus suka fara bugawa a 1812.

Abin da zai ba ku mamaki yana cikin wannan bugu na farko. A bugun 1812, wadda ke tambayar madubi wa ya fi kyau, wadda ta aiki maharbi ya kashe Snow White ya kawo mata huhunta da hantarta ta ci, uwar da ta haife ta ce. Ba matar uba ba. Sai a bugu na biyu, 1819, suka kashe uwar a farkon labari suka ɗora laifin a kan matar uba. Haka labarin Hansel da Gretel, yaran da aka kai daji aka yar saboda yunwa. Da farko uwarsu ce ta matsa wa uban a kai su, sai a bugun 1840 ta koma matar uba.

Malama ta Bolari: Innalillahi. Uwa da kanta? To gara da suka gyara.

Ɗalibin Kashere: Haka su ma suka gani, Malama. Mahaifinsu ya rasu a 1796 suna yara, uwarsu ce ta yi ta fama da su cikin talauci har ta rasu a 1808, kuma yayarta ce ta taimaka da kuɗin karatunsu. Mutanen da suka tashi haka, ga shi littafin ya fara shiga hannun yara, ba mamaki su ƙi a riƙa karanta wa yaro cewa uwarsa na iya cin hantarsa. Sai dai gyaran nan wata ce ta biya kuɗinsa. An wanke uwa tas, an kwashe dattin an zuba wa matar uba.

Baffa na Dukku: Ku dakata da zagin Turawa tukuna. Mu namu tatsuniyoyin fa? Kun manta da bora da mowa? Tun kafin a san wani abu wai shi talabijin a Dukku muke jin yadda kishiyar uwa ke gana wa 'yar bora azaba. Wannan ba kayan aro ba ne, ɗana.

Goggon Yara: Baffa ka yi gaskiya, amma akwai bambanci, bari in nuna muku da Ruwan Bagaja yadda kakarmu ke ba mu. 'Yar mowa ce ta ɓata shimfiɗar uba da dare, gari ya waye aka ce 'yar bora ce. Aka ce ba a yarda a wanke ta a ko'ina ba sai a ruwan Bagaja. Yarinya ta ɗauka ta kama hanya, ta wuce kogin fura, ta wuce na zuma, kowanne ya ce ta tsaya ta sha, ta ce a'a, ita ruwan Bagaja aka aike ta. Ta isa gidan da ta tarar da cinya da kare, abin da zai sa wani yaro ya tuntsire da dariya, ita kuwa ta durƙusa ta gaishe su da ladabi. Da za ta komo aka ba ta ƙwai, aka gaya mata inda za ta fasa shi. Ta fasa, sai ga dawakai da shanu da bayi da dukiya. Mowa ta gani hankalinta ya tashi, ta kora tata 'yar. Ita kuwa duk kogin da ya yi mata tayi sai ta zauna ta cika ciki, ta je ta yi wa cinya da kare rashin kunya, ta fasa nata ƙwan sai ga kutare da makafi da ƙudaje.

To ku lura. Uwar yarinyar nan ba ta mutu ba. Tana nan a gidan, ba ta da murya, miji ya juya mata baya. Amma wa ya koya wa yarinyar gaisuwa? Wa ya koya mata kame kai ga abincin da ba nata ba? Ba a nuna bora tana yin komai, amma duk abin da ya ceci 'yarta a hanya daga ɗakinta ya fito. Ita ma mowa uwa ce, son 'yarta ne ya rufe mata ido har ta lalata ta. Wannan tatsuniya iyaye mata biyu take aunawa, ba matacciya da mayya ba. Mu da muke zaune a tabarma muna ji, uwayenmu na nan gefe suna kaɗi, su ma da su ake.

Malama ta Bolari: Goggo Allah ya ƙara girma. Ban taɓa kallonta ta nan ba. Ni kullum yarinyar nake bi, ban waiwayi wadda ta rene ta ba.

Ɗalibin Kashere: Goggo ta taɓo inda nake son zuwa. Ko a tsofaffin tatsuniyoyin da uwa ta mutu, ba ta fita daga labarin. A Cinderella ta su Grimm babu wata aljana mai sandar tsafi. Uwar ce kafin ta cika ta kira 'yarta ta yi mata wasiyya ta zama ta kirki. Yarinyar ta roƙi ubanta ya kawo mata reshen bishiya daga tafiya, ta dasa a kan kabarin uwarta, hawayenta suka shayar da shi har ya zama bishiya. Tsuntsun da ke sauka a bishiyar nan shi ke jefo mata tufafin zuwa biki. Disney a 1950 ta Perrault suka bi, inda wata aljana ke ɓullowa ta mai da kabewa keken doki. Sai uwar ta ɓace ɗungurungum, ko fuskarta ba a nuna ba.

Mu ma muna da irinta. A cikin tatsuniyoyin da wani Bature, Frank Edgar, ya tattara a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, akwai ta marainiyar da kishiyar uwarta ke ba ta ƙanzo kawai, ita kuma ta riƙa kai wa kwaɗi suna ci. Ranar biki kwaɗo ya fito ya yi mata ado, ya ce ta bar takalminta na zinariya a wurin, ɗan sarki ya sa aka tara 'yan matan gari ana gwadawa.

Goggon Yara: Na san ta. Da kwaɗon nan, da tsohuwar Daskin da Riɗi da ke cewa 'yan mata su cuɗa mata baya duk su ƙi sai ƙaramar da aka raina, duk abu ɗaya suke gaya wa yaro: in ka rasa uwa Allah ba zai bar ka haka ba, amma sai ka riƙe halin da ta bar maka.

Maman Ikram: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don maganar a jikina take. Ni matar uba ce. Na auri maigidana bayan rasuwar uwargidansa, Allah ya jiƙanta, ta bar yarinya ko yaye ba a yi mata ba. A bayana ta girma. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na fara kai ta Islamiyya, sunanta ake kirana da shi har yau duk da na haifi nawa. Ba ta san wata uwa ba sai ni, kuma ban ɓoye mata komai ba, hoton mahaifiyarta na nan a ɗakinta, duk sallah ina kai ta gidan kakanninta a Kumo.

Kwanakin baya na hana ta fita gidan ƙawarta bayan magariba, na ce ta tsaya ta gama wanke-wanke. Ta tsaya bakin rijiya da kwano a hannu, ta ce a hankali, dama haka matan uba suke yi. Ba ta ɗaga murya ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kuka na yi har maigidan ya dawo. Daga baya ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri, ta ce a makaranta ne ƙawayenta ke kiranta Cinderella tun da suka ji ba ni na haife ta ba. Yarinyar da na haifa in na sa ta wanke-wanke tarbiyya ce. In na sa Ikram, zalunci ne. Yanzu har tsoro nake ji in tsawata mata, kuma na san tsoron nan cutar da ita zai yi, don yaron da ba a kwaɓa ba shi aka cuta. Ku gaya mini, a duk fina-finan nan akwai guda da ya nuna mace irina?

Malama ta Bolari: Anti, wallahi kin sa ni hawaye. Allah ya saka miki da Aljanna. Irin wannan tsokanar ina jin ta a aji, ban san tana kaiwa har gida haka ba. Daga gobe zan sa ido.

'Yar Bajoga: Anti Maman Ikram, ina girmama ki, kuma Allah ya yawaita irinki. Amma ku yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ana neman mai da muguwar matar uba ƙirƙirar masu fim ba. Ni a hannun matar uba na tashi. Ina da shekara bakwai aka saki mahaifiyata, aka hana ta tafiya da ni. Na san abin da ake nufi da a zuba wa 'yan ɗaki tuwo da miya da man shanu, a miƙo maka naka a murfin tukunya. Na yi tallan goro ƙannena suna makaranta. Ranar da na fara ganin Cinderella a gidan maƙwabta, ban ga ƙarya ba ko kaɗan. Na ga ashe wani a duniya ya san ana yin haka, ashe ba ni ce mai laifi ba. Ba don komai ake cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya ba. In kuka cire muguwar matar uba daga tatsuniya, kun toshe bakin yara irina.

Maman Ikram: Ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki. Ban ce babu su ba, ina ganinsu a unguwa. Abin da ke yi mini ciwo shi ne a ce su kaɗai ne.

'Yar Bajoga: Na fahimta Anti. Ni ma ban ce duka haka suke ba. Amma ta kirki tana da masu yaba mata, mijinta na gani, dangi na gani. Yaron da ake cuta ba shi da kowa sai tatsuniya.

Baffa na Dukku: 'Yata ta Bajoga, in tambaye ki, kuma kada ki ji nauyi. Lokacin da ake miƙo miki tuwo a murfin tukunya, mahaifinki yana ina?

'Yar Bajoga: Yana zaure, Baffa. Yana gida.

Baffa na Dukku: To nan nake so mu tsaya. Ni namiji ne, na ajiye mata fiye da ɗaya, na aurar da 'ya'ya. Tun ɗazu ana uwa, matar uba, kishiya, ba wanda ya kira sunan mai gidan. Wa ya mai da wata bora wata mowa? Ba su suka zaɓa ba. Wa ya yarda da ƙazafin da aka yi wa yarinya bai bincika ba, ya bari ta tafi neman ruwan da ba a san inda yake ba? Uban. Mace ba ta cin zalin ɗan miji sai ta ga mijin ya kau da kai. Duk gidan da uba ke zama ya ci abinci da 'ya'yansa, ya duba kwanon kowa, ya tambayi wane ya je makaranta wane bai je ba, da wuya ka ji irin wannan labari. Mu maza mun ji daɗin tatsuniyar muguwar kishiya, don tana ɗauke mana kaya.

Ɗalibin Kashere: Baffa, littattafan ma suna bayanka. A Cinderella ta Perrault uban yana raye, an ce yarinyar ba ta iya kai masa ƙara don matarsa ta mallake shi, faɗa zai yi mata. A ta su Grimm ma yana raye, har da ɗan sarki ya tambaya ko akwai sauran wata 'ya a gidan, shi ya ce babu sai wata ƙazamar yarinya da matarsa ta farko ta bari. Disney sai suka kashe shi tun a buɗe fim, ya tafi da sunansa na uba nagari. Uban Hansel da Gretel kuwa da ƙafarsa ya kai su daji har sau biyu, amma a ƙarshe matar ce ta mutu, shi yaran suka dawo suka zube masa lu'ulu'u.

Abban Sadik: Gaskiya wannan ta shige ni. Amma kada mu manta su masu fim kasuwa suke nema. In uwa na nan, yarinya ba za ta shiga daji ita kaɗai ba, labari ya mutu ke nan. Dole a kawar da mai tsaro kafin kura ta shigo.

Malama ta Bolari: Ban yarda ba, Abban Sadik. Ka karanta Aladdin na asali? Uwarsa na nan daram, gwauruwa ce mai kaɗin auduga tana ciyar da ɗan da ba ya jin magana. Ita ta ɗauko fitilar za ta goge a sayar su sami abin ci, aljani ya fito ta faɗi sumammiya. Ita ta ƙunshe duwatsu masu daraja ta riƙa zuwa fada tana tsayawa a gaban sarki har ya lura da ita, ta nema wa ɗanta auren gimbiya, gabanta na faɗuwa. Wace uwa ce a Gombe ba ta san wannan tafiya ta neman aure ba? Labarin bai mutu ba don tana raye, daɗi ma ya ƙara. Amma a fim ɗin 1992 aka share ta aka ba shi biri.

Sista ta Kumo: Bari in shigo ta ɓangaren aikina, ni ungozoma ce a asibiti. Uwayen da ke mutuwa a farkon tatsuniya ba dabarar mai labari ba ce kawai. Da yawansu a wurin haihuwa suke mutuwa. Snow White an ce ana haihuwarta uwar ta cika. A Turai ta wancan zamani zazzaɓin bayan haihuwa ya kwashe mata ba adadi, sai a 1847 wani likita a Biyena, Ignaz Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu kafin a taɓa mai naƙuda na rage mutuwar ƙwarai, kuma ko a lokacin ba a saurare shi ba. Mace ta mutu ta bar jariri, miji ya sake aure, ga gado kaɗan, ga 'ya'yan ɗaki biyu. Tatsuniyar daga nan ta fito.

Su sun wuce wannan zamani, mu muna cikinsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kowa ya san mu nan arewa abin ya fi tsanani. Zubar jini, jijjiga, naƙudar da ta daɗe a gida kafin a nemi mota. Na sha naɗe jariri a zanin uwarsa in miƙa wa kaka ko ƙanwar uwa a bakin ɗakin haihuwa, ita tana karɓa tana kuka. Yaron Amurka na kallon Cinderella a matsayin labarin da can. A ajin Malama kuwa na tabbata akwai waɗanda labarinsu ne. Shi ya sa abin da fim ke gaya musu game da matar da za ta riƙe su ba wasa ba ne.

Malam na Herwagana: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in tuna mana cewa muna da labaran da suka fi waɗannan, kuma gaskiya ne ba tatsuniya ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa yana da shekara shida. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Ummu Aimana ta dawo da shi Makka ta ci gaba da kula da shi. Fatima bint Asad, matar baffansa Abu Ɗalib, ta riƙe shi cikin 'ya'yanta. Mata uku ba su haife shi ba, kowacce ya girmama ta har ƙarshe. Annabi Musa, alaihis salam, Suratul Ƙasas ta nuna mana uwar da ta jefa ɗanta a kogi zuciyarta na neman tsagewa, ta kuma nuna mana matar Fir'auna da ta tsince shi ta ce kada a kashe shi. Ba a muzanta ɗaya don a ɗaukaka ɗaya ba. Hadisi ya inganta cewa 'yar uwar uwa tana matsayin uwa, kuma mai rainon maraya yana tare da Annabi a Aljanna kamar yatsu biyu.

'Yata ta Bajoga, abin da aka yi miki zalunci ne, kuma mahaifinki abin tambaya ne a kan kiwon da aka ba shi. Maman Ikram, kada ki fasa tsawatarwa, ki dai yi adalci tsakaninta da ƙannenta yadda za ta gani da idonta.

Maman Ikram: Na gode Malam. In sha Allahu.

Abban Sadik: Don adalci, sababbin fina-finan sun ɗan sauya. Brave na 2012 gaba ɗayansa rigimar uwa da 'ya ne, uwar ta rikiɗe ta zama dabba, 'yar ta yi ta fafutukar dawo da ita. A Maleficent na 2014 ba sumbar ɗan sarki ce ta tashi yarinyar daga barci ba, ta matar da ta rene ta daga nesa ce. Cinderella ta 2015 ma sun nuna uwar da wasiyyarta.

Malama ta Bolari: Amma Tangled na 2010 fa? Matar da ta rene ta, ta taje mata kai, ta dafa mata abinci shekara goma sha takwas, ƙarshe ɓarauniya ce mai amfani da ita. Uwar gaske tana can fada, ko kalma ɗaya ba ta furta ba a fim ɗin. Yaron riƙo da ya kalli wannan me zai ɗauka? Mu fa nan riƙo al'ada ce. Ɗan fari sau da yawa a hannun kaka ko goggo yake tashi, uwarsa ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. A gidajen Fulani kuna gani, uwa ba ta wasa da ɗanta na fari a gaban mutane, kishiyarta ce ma za ta ja shi a jiki. In yaro ya koyi cewa so shi ne runguma da waƙa, kuma wadda ta haife ka kaɗai ke yinsa, zai ga kamar duk gidansu ba mai ƙaunarsa.

'Yar Bajoga: Ni fina-finanmu na Hausa sun fi ba ni haushi. Kishiya kullum tana gidan boka, uwar miji kullum tana kitsa saki. Uwa ta kirki kuwa aikinta ta zauna a kan darduma da carbi tana cewa Allah ya yi maka albarka. Ba ta da fushi, ba ta da sana'a, ba ta da wayo. Mahaifiyata da ta yi ta aiko mini da sabulu da ɗan kuɗi a ɓoye ta hannun mai kai nono kasuwa, ba ta taɓa fitowa a fim ba.

Goggon Yara: Laifin namu ne mu manya. Mun daina ba da tatsuniya, mun miƙa waya. Fim yadda aka yi shi haka zai zauna, ko yaro ya firgita ko ya yi kuka ba ruwansa. Mai ba da tatsuniya kuwa tana kallon fuskokin yara. In na ga akwai maraya a tabarma, ko wanda matar ubansa ke zaune a wurin, na san inda zan sassauta, na san inda zan ƙara tsohuwa mai taimako. In kuma na san akwai wadda ke cutar ɗan miji tana jina ta bayan zana, na san inda zan danna. Kakarmu haka take yi, har a ji wata ta yi tsaki ta shige ɗaki, gobe kuwa a ga kwanon yaro ya cika.

Ɗalibin Kashere: Goggo, in kin yarda ina so in zo in ɗauki muryarki kina ba da Ruwan Bagaja da ta kwaɗon nan. Ta Ibrahim Yaro Yahaya da ke cikin Tatsuniyoyi da Wasanni na karanta, amma ina so in ji yadda ake ba da ita a nan Gombe, don na lura kowane gari da inda yake karkata.

Goggon Yara: Ka zo ɗana, amma da dare, ba a tatsuniya da rana. Kuma ka taho da ƙannenka, ba na ba wa waya labari ita kaɗai.

Malama ta Bolari: Goggo ni ma in kin amince zan roƙi shugaban makarantarmu a ware miki lokaci ki zo ajina. Maman Ikram, aji nawa Ikram take? In kina so ki kawo ta ranar, ke ma ki zauna.

Maman Ikram: Aji biyar take. Zan tambayi babanta, kuma zan ce masa shi ma ya karanta abin da Baffa ya rubuta.

Baffa na Dukku: Ki tura masa. In yana da ja, ya shigo nan mu yi ta da shi.